Gida Ɗaya, In Ji Baba

Daga Allah muka zo, can kuma muka nufa dukkanmu. Baba ya riga mu isa. Ranar Talata da hantsi ya cika a ɗakinsa, kansa bisa cinyar babban ɗansa, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Surukina ne, mahaifin maigidana. Ban taɓa kama sunansa yana raye ba, ba kuwa zan fara yau ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma na ga idan ban rubuta abin da idona ya gani ba, 'yata za ta girma ta ji ana cewa kakanta mutumin kirki ne, shi ke nan, yadda ake faɗa a kan kowane mamaci. Shi kuwa ba kamar kowa ba ne.

Kwana uku gidan bai huta da mutane ba. An zo daga Baure, an zo daga Dutsi, an zo daga cikin Daura, har 'yan garinmu na ƙetaren iyaka sun zo a kan babura. Ɗakina bangonsa ɗaya da zaure, don haka abin da maza ke faɗa yana shigo mini ko ban nema ba.

Inna, matarsa, ba ta yi kuka ba ranar farko. Tana zaune da carbinta, duk wadda ta ce mata ya haƙuri sai ta ce da godiya. Kashegari da safe wata jika ta ciro rediyonsa daga ƙusar da yake rataye ta, ta murɗa, muryar mai labarai ta cika tsakar gida. Nan Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Kashe ta, 'yar nan," in ji ta. "Babu mai ba ta amsa yanzu."

Akwai wani mutumin kudu, Kirista, mai shagon kayan gyaran babur a Daura, wanda Baba ke tsayawa wurinsa duk ya shiga gari. Ya zo, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya zauna a ƙarshen tabarma. Da aka shafa addu'a na ji shi yana cewa da irin Hausarsa:

"Shekara da shekaru muna gardama da Baba. Ko ƙusa bai taɓa saya a wurina ba, babur ɗin ma ba shi da shi. Yanzu wa zai zo ya zauna mini a benci ya ce ban san duniya ba?"

Wani tsoho, taubashin Baba, wanda ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna, ya karɓe: "Ku dai ku ga gajen haƙurin mutumin nan. Shekaru yana jira ya ji ko Turawa za su buɗe wa maƙwabtansu ƙofa, ya tashi ya tafi bai ji ƙarshen labarin ba."

Zaure ya yi dariya, irin wadda ake yi ana share ido. Sai maƙwabcinmu ya ce, "Allah ya jiƙan Mai Gida Ɗaya." Dariyar ta tsaya cak. Da ba'a aka laƙaba wa Baba sunan nan, kowa ya sani, har da wanda ya faɗa. Na kasa kunne in ji amin ɗin Yaya Babba, babban ɗan Baba. Ban ji ba.

Ni ma na yi kuka, har mata suna cewa kai, surukar nan tana ƙaunarsa. Ina ƙaunarsa, Allah shaida. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, rabin kukan nan tsoro ne. Zan faɗi dalili.

Gidanmu gandu ne, irin wanda yanzu ya yi ƙaranci. 'Ya'yan Baba maza uku, da matansu, da 'ya'yansu, gona ɗaya ake nomawa, rumbu ɗaya ake zubawa, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Kowane namiji yana da 'yar gayaunarsa da yake taɓawa da yamma don sabulu da man ɗakinsa, amma tuwo na kowa ne. Mu mata girki zagayawa yake yi, kwana bibbiyu. Kullum da safe Baba zai jingina tsani ya hau rumbu, ya ɗebo tsaba cikin wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a baki, ya sauko ya ce, "Yau girkin wa?" Ya fi kowa sanin girkin wa, amma sai ya tambaya, sai kuma an amsa zai miƙa.

Ni a ƙetaren iyaka aka haife ni, tafiyar rabin yini daga nan. Autan Baba nake aure. Damina uku ke nan da ya tafi arewa ta hamada neman aiki, ya bar ni da ciki wata bakwai. Da farko yana kira. Daga baya kiran ya ja baya. Tun bara ba mu ji muryarsa ba, sai wani da ya dawo ya ce ya gan shi da rai. Ke nan ni da 'yata baki biyu ne a gandun nan, ba mu da fartanya a gona. Ba wanda ya taɓa faɗa mini haka a lokacin. Ni ce nake faɗa wa kaina duk aka ajiye mini kwano.

Har na fara rage wa kaina malmala ranar girkina, in ba yarinya, ni in sha ruwan tuwo in ce na ƙoshi. Ban san Baba yana lura ba. Baba ba ya yi mini magana kai tsaye, kamar yadda ya kamata tsakanin suruki da matar ɗansa. Inna yake wa magana ni in ji. Wata safiya ya sauko daga rumbu, ina durƙushe ina jiran ƙwarya, ya dubi Inna ya ce:

"Ki gaya wa uwar amaryata, wuyanta ya fara tsawo. Ƙwaryar nan da nake ɗebowa ba ta san wanda ya yi noma ba. Na ɗebo da ita a ciki, ta ci rabonta."

Amaryarsa ita ce 'yata. Haka yake kiranta, ita kuma ta ce ba ta son tsoho mara haƙori, ya ce to ta dawo masa da goronsa. Ranar na ci tuwo na ƙoshi, ina ci ina hawaye.

Baba bai yi boko ba. Allo ya yi, sai noma, sai kiwon 'yan tumaki. Amma ban taɓa ganin wanda duniya ta dama kamarsa ba. Daga masallacin asuba sai rediyo. Zai zauna a kan buzunsa a ƙofar ɗaki, ya ɗora ta a gwiwa, ya karkata kai. Ba sauraro kawai yake ba, hira suke. Mai labarai ya faɗi magana, Baba ya ce, "A'a, malam, koma baya." Ko ya ce, "Ka ji, ka ji. Na faɗa tun bara." Idan batir ya yi sanyi sai ya shanya shi a rana kamar kuɓewa.

Labarin da ya fi so shi ne na ƙasashen Turai da suka haɗa kai suka zama ƙungiya, da waɗansu maƙwabtansu da ke neman a shigar da su. Ni sunayen ƙasashen ma ba na riƙewa. Shi kuwa ya san wadda ta daɗe tana jira, da wadda aka ce ta je ta gyara halinta tukuna, da wadda take ciki ta yi fushi ta fita. Gandu yake kiransu. Wata rana taubashin nan nasa ya same shi a zaure yana ta faɗa da rediyo, ya ce:

"Kai da ko Kano sai ka shekara ba ka je ba, ina ruwanka da Turawa?"

"Ruwana gandu. Mutane sun ce za su ci tukunya ɗaya, ba zan saurara in ji ko za su iya ba?"

"To su iya mana, ba masu kuɗi ba ne?"

"Masu kuɗin ne ke tsoro. Suna cewa idan matalauci ya shigo zai ci musu. Gaskiyarsu, zai ci. Wa ya taɓa shiga gida bai ci ba?"

"To don me za a shigar da shi?"

"Don kai ma wata damina za ka kwanta ciwo, gonarka na jiran noma. Ka tuna shekarar da ƙafarka ta kumbura, wa ya yi maka huɗa?"

"Kai ne, ka yi ta a karkace kamar bakinka."

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne a bar mutum a zaure. Yakan ce ko ka ce masa shigo, ko ka ce masa Allah ya ba da sa'a, amma kada ka shimfiɗa masa tabarma shekara goma kana leƙowa kana cewa saura kaɗan.

Lokacin da ƙasashen yankinmu suka sami saɓani har aka rufe iyaka, ranar bai ba rediyo amsa ba. Ya kashe ta da kansa, ya daɗe zaune. Da Inna ta tambaye shi lafiya, ya ce, "Namu ne suke raba gandu." Watanni ban ga mahaifiyata ba. Duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya ajiye wayarsa a bakin turmi ya ce wa Inna, "A kira mutanen ƙetare a ji ko sun sami ruwa." Ba ruwan yake son ji ba, ni yake so in ji muryar uwata.

Wayar nan ɗansa na tsakiya ne ya saya masa. Naɗe take da tsumma cikin aljihun gaba, kamar goro. Da ya ji ana ta muhawara a rediyo cewa nan gaba kasuwa duk cikin waya za ta koma, ya yi dariya har da tari. Ya ce shi bai ƙi ba, amma a nuna masa inda zai sa hannu ya taɓa gadon bayan tunkiya a ciki. Duk da haka ba ya raina ta. Idan saƙo ya shigo sai ya miƙa wa Inna, Inna ta miƙo mini, tunda a matan gidan ni ce mai ɗan haɗa baƙi. In durƙusa daga gefe in karanta wa Inna da ƙarfi, shi kuma yana kallon wani wuri yana ji.

Bara da bazara, ana sharar gona, aka ce wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje za ta ba manoma taki da irin gero mai saurin nuna. Ba a hannun mai gari za a bayar ba, ta waya ne. A rubuta gida, a ɗauki lambar mai gidan da zanen yatsansa, in kaya sun iso saƙo ya shigo, ya je ya karɓa. Baba ya riga kowa sanin haka, don ya ji ana gardamarsa a rediyo, waɗansu na cewa agaji ta waya ya fi isa hannun talaka, waɗansu na cewa masu bayarwa ma sun gaji.

Mace ce ta zo rubuta gidanmu, wata mai fara'a, riƙe da babbar waya mai faɗi kamar allo. Maza suna gona, Baba kaɗai ke gida, don haka har tsakar gida ta shigo. Ta gaishe shi ta zauna a kan kujera 'yar tsugune. Ranar ina tankaɗe, kusa nake.

"Baba, gida nawa ne a nan?"

"Me kuke kira gida?"

"A wurinmu, waɗanda suke ci daga tukunya ɗaya su ne gida ɗaya."

"To ɗaya ne."

Ta ɗaga kai ta dubi ɗakuna, ta dubi yara da suka kewaye ta, ta dubi igiyar shanya. Na ga tana so ta taimake shi.

"Baba, ka tabbata? Na ga ɗakuna da yawa."

"Ɗakuna ba su cin tuwo, 'yata."

Ta yi dariya, sannan ta rage murya. "Ina so ka gane. Kowane gida rabonsa ɗaya ne, komai yawan mutanensa."

"Na gane sarai. Tukunya kika tambaya, ga ta can a kan murhu. In kin ga ta biyu ki rubuta."

Ta rubuta ɗaya. Ya dangwala yatsa, ya yi mata addu'a, ta fita.

Abin da ba mu sani ba, a gidan maƙwabcinmu labarin tambayar ya riga ta isa. Su ma gandu ne kamar mu. Kafin ta shiga sun jera duwatsun murhu a ƙofar kowane ɗaki, sun aro tukwane, har da shafa wa duwatsun toka don kada su yi sabunta. Ban faɗi haka don in tona musu ba, su da kansu suke ba da labarin suna dariya.

Da kaya suka iso, ni na karanta saƙon. Rabo ɗaya. Amalanken maƙwabci ya shigo gari da rabo huɗu, namu kuwa a bayan keke aka ɗauro shi. Daga ranar aka fara cewa Mai Gida Ɗaya. Har a bakin rijiya mata na tambayata wai ko surukina bai iya ƙirga ba ne.

Da la'asar ɗin ranar Yaya Babba ya shigo ya durƙusa gaban mahaifinsa. Ina bayan zana ina daka. Bai ɗaga murya ba, Yaya ba ya ɗaga murya.

"Baba, da an rubuta ni magidanci, ƙarya aka yi? Ina da mata, ina da 'ya'ya bakwai."

"Ba ƙarya ba ce. Amma ba ita aka tambaye ni ba."

"Gonar nan ta gaji, ka fi ni sani. Taki take so. Mutane sun sami huɗu mun sami ɗaya, a kan magana guda."

"Maganar gaskiya ce ko ba gaskiya ba?"

"To a mai da ita gaskiya. A raba. Tunda tukunya suke ƙirgawa, kowa ya ɗora tasa, baɗi a rubuta mu uku."

Baba ya dube shi. Sannan ya ce, "Ka ɗora taka. Ƙanenka ya ɗora tasa. Ta ukun fa, wa zai zuba mata hatsi?"

Taɓaryata ta tsaya a sama. Na san sun ji dakan ya tsaya, amma na kasa sauke ta.

Yaya ya ce a hankali, "Tana da iyaye."

Kalma uku. Iyayen da nake da su uwa ce guda, gwauruwa, a gidan ƙanenta take.

"Tana da su," in ji Baba. "Ni na je na roƙo ta a hannunsu. Na ce musu za ta ci abin da muka ci. Ban ce sai in ɗana yana gida ba. Takin nan damina ɗaya zai yi a gona ya narke. In na raba gidan nan dominsa, baɗi masu bayarwa suka ce sun gaji, wa zai haɗa mini shi?"

Yaya ya tashi ya fita. Watanni tsakaninsa da mahaifinsa sai gaisuwa.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka Yaya Babba mugu ne. Shi ke riƙe da fartanyarsa da ta maigidana. Shi ya sayar da ragonsa ya ƙaro taki a shekarar. Kuma da kaka ta zo, geron maƙwabci ya fi namu, kowa ya gani, ba a ɓoye zangarniya. Gaskiyar Baba ba kyauta ta zo ba, Yaya ne ya biya da bayansa. Baba ma ya san haka. Na taɓa jin yana ce wa Inna, "Yaron nan yana da gaskiya a kan taki. A kan tukunya ne ba shi da ita."

Bayan sallah ƙarama ciwo ya kama shi. Ƙafafu suka fara kumbura, numfashi ya yi gajere. Wata safiya ya jingina tsani, ya taka ɗaya, ya taka biyu, ya tsaya. Ya sauko. Yaya na tsaye zai tafi gona. Baba ya miƙa masa ƙwaryar, Yaya ya karɓa. Ya hau ya ɗebo, ya ajiye a gaban mai girki ya wuce. Bai tambayi girkin wa ba.

Kwana biyu kafin ya cika, Baba ya ciro wayar daga ƙarƙashin matashi ya ba Inna. "A ajiye wurin mai karanta ta." Maganarsa ta ƙarshe ke nan da ta shafe ni.

Yanzu an ga dalilin tsorona ranar makoki. Wanda ya ce ɗaya ya tafi. Wanda ya ce a raba shi ke riƙe da ƙwarya.

Bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki, ranar Litinin, wayar ta yi ƙara a cikin akwatina. Saƙo ne daga masu agaji: ranar Alhamis ma'aikata za su zagayo sabunta rajista kafin damina, kowane mai gida ya zauna a gida. Na karanta sau uku. Na naɗe ta da tsummanta na tura ƙarƙashin zannuwa. Wuni na yi ban faɗa wa kowa ba, na kwana, na sake wuni. Ban san me nake tsammani ba. Ko na ɓoye, ai za su zo. Amma gani nake muddin ban karanta wa kowa ba, Alhamis ba za ta iso ba. 'Yata na wasa da gwangwani a ƙofar ɗaki, ni ina kallonta ina lissafin ko za ta iya tafiyar rabin yini a bayan babur.

Ranar Talata da yamma na kasa daurewa, na shiga wurin Inna inda take zaman takaba na faɗa mata. Ta dube ni ta ce:

"Kin taɓa ganin ya ɓoye saƙo don bai yi masa daɗi ba?"

"A'a, Inna."

"To ba don ki ɓoye ya ba ki ba. Tashi ki kai wa yayanku."

Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa daga nesa na karanta, muryata kamar ba tawa ba. Na ƙara da cewa tun jiya ya shigo, ni ce na riƙe. Bai ɗago ba. Ya ce, "Na ji."

Ranar Laraba na ga matar ɗan tsakiya ta jera duwatsu uku a bayan ɗakinta, ta kife sabuwar tukunya a kai. Ban ga laifinta ba, ita ma uwa ce. Na shiga ɗaki na ninke kayan yarinya na ɗaure a zane.

Alhamis da hantsi sai ga ta, matar nan ta bara, da allonta. Da ta ji rasuwar ta ajiye shi a cinya ta yi addu'a, ta shiga ta yi wa Inna gaisuwa, ta fito.

"Ban manta da shi ba," in ji ta. "Ɗakuna ba su cin tuwo. Har gida na kai maganar nan." Ta juya wurin Yaya. "Sai a sa sunan wani a madadinsa. Kuma dole in sake tambaya, haka aikin yake. Gida nawa ne a nan?"

Duk muna tsakar gida. Ni ina bakin madafa da yarinya a baya, na sa hannu na riƙe ƙafarta.

Yaya ya ce, "Har yanzu tukunya kuke ƙirgawa?"

"Ita dai."

Ɗan tsakiya ya matso kusa da shi. "Yaya, ka tuna bara."

"Ina tune. Ni na sayar da rago, ba kai ba."

Ya dubi duwatsun nan uku na bayan ɗaki. Ya dubi rumbu, tsanin na jingine inda ya bar shi da safe. Sannan ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba, ya ce:

"Yau girkin wa?"

Kowa ya san girkin wa. Sai da matarsa ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"Nawa ne, Yaya."

"To nuna wa baƙuwa tukunyar gidan nan."

Matar ta biyo ni madafa, na ɗaga murfi, tururi ya bugi fuskokinmu. Ruwan tuwon mutum ashirin da wani abu yana tafasa. Ta leƙa, ta dube ni, ta ga idona. Ta koma ta rubuta ɗaya. Yaya ya dangwala yatsa inda mahaifinsa ya dangwala.

Da ta fita ɗan tsakiya ya fara magana, Yaya ya tare shi.

"Har gobe ina ganin Baba ya jawo mana asarar taki, Allah ya gafarta masa. Bana ma za mu sha wuya, kada ka ce ban faɗa maka ba. Amma ƙwaryar nan da ya miƙo mini, na juya ta na juya, ban ga inda ake raba ta uku ba."

Ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Da yamma na ga sabuwar tukunyar nan an cika ta da ruwan sha an ajiye a inuwa. Na shiga ɗaki na kwance ƙullin kayan yarinya.

Ban san abin da baɗi za ta zo da shi ba. Gandu ba ya dawwama, na ga na waɗansu sun watse, kuma maigidana har yau shiru. Tsoro bai bar ni duka ba, ina jin haka aka halicce ni. Rediyon tana nan a ƙusarta. Jiya Yaya ya ciro ta ya kunna, aka yi ta maganar ƙasashen nan masu jira a ƙofa, har yanzu ba a ce musu shigo ba. Bai ba ta amsa ba, amma bai kashe ba. 'Yata ta je ta tsaya gabansa ta tambaye shi ina angonta mara haƙori. Ya ɗauke ta ya ɗora a gwiwa, gefen rediyon.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. An tambaye shi ya faɗi gaskiya alhali ƙarya ta fi riba. Ya ɗauko 'yar mutane daga ƙetare bai bar ta a zaure ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, kada ka tsayar da shi a ƙofa. Ka ba Inna haƙuri, ka ƙarfafa bayan Yaya, ka dawo mana da na hamada. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙo ya yi masa addu'a ko sau ɗaya.

Zan tsaya nan. Girki ya sake zagayowa kaina, an riga an miƙo ƙwarya, kuma tukunyar babba ce.